Greensboro, da Kwalaben da Yaya ta Ajiye

Mun bar Baltimore ranar Alhamis ana idar da sallar asuba, ni da maigidana da ƙanwarsa, wadda ta ce mu rage mata hanya zuwa Durham. Duk wanda ya san hanyar kudu ya san dalilin sammakon. In ka bari gari ya waye kafin ka wuce Washington, to ka shirya zaman awa biyu kana kallon bayan motar wani.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Yayata, wadda nake bi, ta daɗe a Greensboro. Wata tara ke nan da aka yi mata aikin rage tumbi saboda ƙiba da ciwon suga, irin wanda aka yi mini shekara uku da suka wuce. Kullum muka yi waya sai ta ce lafiya lau. Ranar Talata maƙwabciyarta, wata Hajiya 'yar Maraɗi, ta kira ni. Ta ce Yaya ta faɗi a matakalar gidansu, kuma ba shi ne na farko ba. "Ƙanwata, ki zo ki gani da idonki," in ji ta. "Ƙafafun nan ba sa ɗaukar ta."

Muna shiga Virginia maigida ya sassauta ƙafa, don 'yan sandan jihar sun taɓa ba shi tikitin tara saboda gudu kuma bai manta ba. Mun tsaya bayan Richmond muka sha mai, ya ɗan fi namu sauƙi. A nan muka karya. Su biyun suka ci burodi da wainar ƙwai da shayi. Ni kuwa dafaffen ƙwai ɗaya da cokali biyu na dambun nama, sai na duba agogo, don sai bayan rabin awa zan sha ruwa. Ƙanwar maigida ta ce kallon cin abincina ma yunwa yake sa ta. Abin da na rage yayanta ne ya cinye, kamar kullum. Na daɗe ina cewa ƙibar da na sauke ba ta bar gidanmu ba, ɗaki kawai ta canza.

Daga Petersburg muka kama hanyar da ta nufi North Carolina. Bishiyoyi ne dogaye hagu da dama, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gida ba, barci yana ta fizgar mutum. Mun sauke baƙuwarmu a Durham, muka shiga Greensboro bayan azahar.

Gidan Yaya yana bayan Gate City Boulevard, doguwar hanyar nan mai cike da wuraren sayar da tsofaffin motoci da kantunan baƙi, na 'yan Afirka da na Larabawa da na 'yan Asiya. Ita ta buɗe mana ƙofa, hannunta ɗaya a jikin bango. A hoto na san ta rame, har na yi ta yaba mata. A ido kuwa wata rama ce daban. Fatar wuyanta ta saki, leɓenta ya bushe, da ta gyara ɗankwali na hango fatar kai ta tsakanin gashi. Na ja fatar idonta ƙasa kamar yadda mahaifiyarmu take mana muna yara, na ga fari fat. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba, a lokacin ma yana can wajen Texas.

Hajiya ta kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Yaya ta yi loma uku ta ture naman gefe, ta ce tsaya mata yake a ƙirji. Da maigida ya fita sallar la'asar na ce ta nuna mini magungunanta. Ta nuna mini kabad ɗin saman firji. Na taka kujera na sauko da leda. Kwalba huɗu na bitamin, biyu ko buɗe su ba a yi ba, da babban gwangwanin garin furotin da aka ɗiba kaɗan.

"Yaya, tun yaushe?"

"Zai kai wata biyar."

"Saboda me?"

Ta ce a guruf ɗin matan unguwa na waya aka turo saƙon murya, wai ƙwayoyin bitamin na ƙasar nan da jelatin ake yin su, jelatin kuma daga alade. "Ni ba zan yi salla da wannan a cikina ba," in ji ta. "Kuma ai suga ya sauka, nauyi yana ta sauka. Na ɗauka an gama." Furotin ɗin kuma zaƙinsa tayar mata da zuciya yake. Sai ta koma zuma da dabino da habbatus sauda. Ganin likita sau biyu ta tsallake, don ba ta son a tambaye ta.

Na zauna na karanta bayan kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ce tak mai jelatin, ƙwayar bitamin D mai santsi kamar ƙwan kifi. Sauran ukun babu ko alamarsa. Na gaya mata. Ta karɓi kwalba ɗaya ta jujjuya.

Da safiyar Juma'a muka tafi asibitin da aka yi mata aikin. Hajiya ce ta matsa aka samo mana wuri, ko randebu kamar yadda take cewa, ta kuma ce ƙafarta ƙafarmu. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗora wani ƙarfe mai rawa a babban yatsan ƙafar Yaya ta ce ta faɗa in ta ji. Yaya ba ta ji ba. Sai da aka kai idon sawu ta ce tana ji sama-sama. Aka ɗebi jini, kuma ba su jira sakamako ba suka yi mata allurar bitamin B guda biyu, waɗanda rashinsu ke taɓa jijiya.

Da likitar ta ji dalilin, ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba Yaya ce ta fara kawo wannan damuwar ba, kuma kowace ƙwaya akwai irinta marar jelatin, ta taunawa ko ta ruwa. Ta sake bayani dalla-dalla. Cikin da aka rage ba ya iya tsotse abin da jiki ke buƙata daga abinci kaɗai, saboda haka bitamin ɗin ba na jinya ba ne, na har ƙarshen rayuwa ne. A raba kalsiyam da maganin ƙarin jini da awa biyu, don ɗaya yana hana ɗaya shiga jiki. In an zauna cin abinci a fara da nama ko kifi ko ƙwai ko wake, tuwo ya zo daga baya in da sauran wuri. Yaya ta tambaya ko ƙafar za ta dawo. Likitar ta ce jijiya a hankali take warkewa, ana iya ɗaukar watanni, kuma ba za ta yi mata alƙawarin za ta dawo duka ba.

Maigida ya yi Juma'a a wani masallaci da ke gabashin gari, unguwar da ke kusa da jami'ar baƙaƙen fata, inda kusan kowace kwana akwai coci. Ya ce ya ji Hausa a harabar masallacin fiye da yadda yake ji a wata guda a Baltimore, rabinta gauraye da Faransanci. Bayan salla ya tari liman da tambayar jelatin ɗin. Liman ya ce a nemi marar jelatin tunda akwai, kuma ko da ma babu, lalurar lafiya tana da hukuncinta, kuma ba a barin magani a kan saƙon waya. Da maigida ya dawo gida, Yaya ta sa ya maimaita mata sau biyu.

Asabar ta tafi a sayayya. A kantin magani muka sami na taunawa da bitamin D na ɗigawa a harshe. Ba su da araha, na wata ɗaya ya kusa kuɗin cika tankin mota, inshora kuma ba ta biya. Muka ɗauko garin furotin marar zaƙi, marar ƙamshi. A shagon wani Alhaji ɗan Damagaram muka sayi gero da gyaɗa da wake, ya ƙara mana citta kyauta da ya ji ta mara lafiya ce. Daga nan Hajiya ta ja mu Summerfield, arewa da gari, wajen wani manomi da ke barin Musulmi su yanka da hannunsu. Gidaje can nesa da juna, filaye shimfiɗe, dawakai suna kiwo a bayan shinge, kowanne ya fi wasu mutanen samun kulawa. Maigida ya yanka kaji huɗu.

Da yamma muka shiga kicin. Na dama kunun gyaɗa na zuba garin furotin yana tafasa, nan take ya dunƙule kamar an fasa ƙwai a ciki. A gida a ruwan sanyi nake kaɗa nawa, ban taɓa gwada shi a kunu ba. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da ɗan Faransancinta, "Bon, matsa ki ba ni wuri." Ta bar kunun ya huce, ta dama garin daban da ruwa kaɗan, sannan ta haɗa. Yaya ta kurɓa, ta jira, ta sake kurɓa. A cikin awa guda ta shanye rabin kofi, bai dawo ba. Muka yi farfesun kaza har naman ya narke, muka yi alale, muka rarraba a ƙananan robobi. Hajiya ta ce ita za ta riƙa leƙowa kowace safiya ta ga an sha, kuma na yarda za ta yi.

Muna jera ƙwayoyi a akwatin magani mai gurbin kowace rana ta mako Yaya ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ke ba ki taɓa gaya mini haka abin yake ba. Hotuna kawai kike turo mini."

Gaskiya ta faɗa. Ni na zuga ta ta yi aikin. Na nuna mata rigunan da suka koma shiga ta, na gaya mata na daina allurar suga. Ban gaya mata watannin da na yi ina kuka a kan kofin furotin ba, ko yadda har yau nake saita ƙararrawar shan magani sau uku a rana. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana," ta miƙo mini ƙwayoyin Laraba.

Mun juyo ranar Lahadi da hantsi. Ruwa ya raka mu tun daga Burlington har Richmond, cunkoson Fredericksburg kuma ya ci mana fiye da awa ɗaya. Mun iso gida ana kiran magariba.

Jiya sakamakon ya fito. Jininta ya yi ƙasa sosai, za a ƙara mata sinadarin ƙarfe, mai ƙara jini, ta jijiya mako mai zuwa, allurai kuma za su ci gaba. Tafin ƙafarta har yanzu ba ta jin sa.

Abin da na ɗauko daga wannan tafiya bai da yawa. In ɗan'uwanka ya yi irin wannan aiki, kada ka tsaya a tambayar kilo nawa ya sauke, ka tambaye shi me ya sha yau, ka ce ya nuna maka kwalbar. In kuma kai ne aka yi wa, wani abu ya tsaya maka a rai game da halasci, ka faɗa wa likita da bakinka, ka tambayi malami, kada ka ajiye magani ka yi shiru. Ni kuma daga yanzu duk wadda ta tambaye ni labarin aikin nan, da wahalarsa zan fara.