Ranar da Kifin Kalgo Ya Koma Pish

Shekarun baya na ɗora wa kaina aikin da ya gagari Turawan mulki, ya gagari malaman firamare na zamani uku: raba harafin P da F a kunnen mutanen Gwandu. Makamaina sifika ɗaya ce mai caji, da waya, da muryar wata Baturiya da ba ta gajiya. Ni ne mai gajiyar.

Ajin manya ne na koyon Turanci, muna zama bayan la'asar a wani ɗakin makaranta da aka ara mana. Akwai tela, da mai shagon magani, da matan aure uku, da wani dattijo aminin mahaifina da ya bar wa 'ya'yansa kiwo, ya ce yana son ya riƙa jin abin da likita ke faɗa a kansa. Kowa Baba yake ce masa, har ni. Wata ƙungiya ce ta ba mu sola da wayoyi, da sharaɗin jami'inta zai zo ƙarshen zango ya ga aiki. In ya gamsu a ci gaba, in bai gamsu ba a kwashe kayan a rufe ajin.

Tsarin a takarda kyakkyawa ne. Litinin da Laraba saurare: Baturiya ta ce pan, ta ce fan, a nuna wanda aka ji. Asabar kuma rubutu a bulog, wato shafi ɗaya a intanet da muke tarayya da ajin wani abokina a Kalgo. Kowa ya sa jimlarsa, kowa ya gyara ta ɗan'uwansa, malami ba ya taɓawa.

Wata biyu muna saurare. Wata rana Baba ya ɗaga hannu.

"Mallam, matar ga ba ta da wata magana? Tun watan jiya abu guda taka hwaɗi sau biyu."

Na ce, "Baba, kalma biyu ce."

"To, Allah shi ba ta lahiya."

Amma Baba ba ya wasa da karatu. Ya koma gida ya yanke hukunci irin na masu hankali: tunda Mallam kullum F yake kamawa a bakin ɗalibai, F ɗin ce mai laifi. Da aka zo rubutu kan sana'o'in garuruwanmu, ya sa jimlarsa da yatsa ɗaya, cewa mutanen Gwandu parmers ne, na Kalgo kuma suna kama pish.

Na gani, na ce a raina ai amfanin aikin tarayya ke nan, wani zai gyara. Na tafi biki mako guda. Ana gobe jami'i zai zo na buɗe shafin, na tarar lallai an yi gyara. Tela ya goge farmer ɗinsa ya mai da shi parmer. Matan sun bi. Mai shagon magani, wanda ya fi kowa iyawa, shi ma ya bi.

Na ce masa, "Kai ma?"

Ya ce, "Mallam, na san daidai ɗin. Amma in nawa ya tsaya kusa da na Baba, ai na nuna shi. Kai ka gyara mana."

Na kira abokina a Kalgo, ko can an tsira. Dariya ya yi har da tari.

"Ku ne gidan ilimi, mu masunta ina mu ina musu? Ɗalibaina sun ce in Gwandu ta rubuta pish, to a littafi ta gani."

Wayar na hannuna, shafin a buɗe, gyaran ba zai ci minti goma ba. Sai na tuna Baba yana duba jimlarsa kullum kamar mai duba maraƙi, kuma shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Na mai da wayar aljihu. Ashe ni ma ɗan ajin ne.

Washegari jami'in ya iso a kan babur, ya sha ruwa, ya karɓi waya ya ce zai karanta da ƙarfi kowa ya ji. Na kafa ido a kan solar, ina yi mata bankwana. Ya gyara murya ya fara. Bahaushe ne ɗan'uwanmu. Duk inda ya ga P, F ce ta fito daga bakinsa, tsaf, kamar ta Baturiyar. Farmers. Fish. Ya kai ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, Baba yana gyaɗa kai.

Har yau in na tuna ba dariya ce ke fara zuwa mini ba, gajiya ce. Na karanta littattafai da yawa kan koyar da harshe, duk sun yarda ɗalibi ya fi koyo daga gyaran ɗan'uwansa. Babu wanda marubucinsa ya taɓa zama a ɗakin da ɗan'uwan ya haifi rabin ajin. Yanzu in zan haɗa mutane rubutu, shekarunsu nake fara tambaya kafin in tambayi abin da suka sani.

An bar mana solar. A rahotonsa, jami'in ya yaba wa ajinmu musamman kan ƙa'idar rubutu.