Adawiyya Mai Wagashi Ta Je Dapaong

A zangon Sokodé kowa ya san Adawiyya mai wagashi, jikar fataken goro. Cukunta bai fi na kowa ba, bakinta ne jarinta. In ka yi ciniki da ita, kafin ka sha kwana ta kwaikwayi muryarka da tafiyarka, 'yan kasuwa na ta dariya.

Shekarar dogon yajin aiki, makarantu a rufe, Madam Salamata mai koyar da aikin jin daɗin jama'a ta baro Lomé ta dawo gida. Ɗalibanta 'yan arewa suka riƙa taruwa a tsakar gidanta. Sun sha karatu, amma ba su taɓa zama gaban mai damuwa ba.

"Yaya Adawiyya," in ji Madam, "ki zo ki zama musu matar da mijinta ya gudu, su gwada lallashi."

"Wace daga ciki? Na san irinsu da yawa."

Haka ta fara. Yau bazawara ce mai faɗa, gobe kaka mai kurumtar gangan. Wani ɗalibi, Issifou, in ya fara zuba nasiha, sai ta yi hamma ta nemi takalmanta. A hankali ya koyi kama bakinsa.

Da masu gudun rikicin kudu suka cika garin Dapaong can arewa, Madam ta kwashi ɗaliban su je taimako, har da Adawiyya. Da safe ana gwaji a gindin mangwaro, Adawiyya ta zama matar da ta rasa komai. Ta zube ƙasa tana birgima da kururuwa.

Wata tsohuwa cikin masu gudun rikicin, Zénabou, wadda tun isowarta ba ta ce wa kowa uffan ba, ta tuntsire da dariya.

"'Yata, wanda ya rasa komai ina ya ga ƙarfin wannan ihu? Matsa."

Tsohuwar ta zauna a kujerar da ake gwajin, ta dubi Issifou, ta soma ba shi labarin gidanta da aka ƙona. Bai katse ta ba har ta gama, sannan ya tambaye ta ko tana da dangi kusa. Ashe tana da ƙane a Mandouri. A cikin makon aka kai ta wurinsa.

Adawiyya ta koma kan wagashinta. Ko bayan an buɗe makarantu, duk hutu Madam kan aiko mata sababbin ɗalibai, ita kuwa ta ajiye su gefen faranti, ta sa su yanka cuku tukuna kafin a fara gwajin lallashi.