Tunkuzar da Ta Tashi Hannun Kaka

Ni ba ni da haƙuri, kowa a layinmu na Barkin Sale ya sani. Idan na shiga Keke, mai Keken ya tsaya jiran cikon fasinja, sauka nake yi in taka da ƙafata. Mama takan ce ranar da ake rabon haƙuri na je na tarar da layi, sai na juyo gida. To, a shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, wannan halin nawa ya yi rana sau ɗaya, shi ma ba da niyya ba.

Kakata, mahaifiyar Baba, tana zaune ne a ƙauyenmu ta hanyar Bida, inda sai ka bar kwalta ka hau babur ka sha jijjiga kafin ka isa. Sana'arta ƙuli-ƙuli. Tun kafin a haifi Baba take yi, kuma ba ta yarda akwai wata mace a duniya da ta iya ba. Sau nawa Baba ya ce ta dawo Minna ta huta, sai ta ce masa, "In zo in yi me, in ƙirga motoci?"

Wata safiya ƙanen Baba ya kira waya. Baba ya fita aiki, ni na ɗauka a wayar Mama. Ya ce iska ta taɓa Kaka a bakin murhu, muciya ta faɗi daga hannunta, bakinta ya karkace, tana magana ba a ganewa. Amma kada mu tada hankali, an yi mata hayaƙi, yanzu ma rubutu za a ba ta.

Ban tsaya jin ƙarshen zancen ba. Na ruga gidan da ke jikin namu, wurin Maman 'yan biyu, wata nas 'yar kudancin Kaduna da ta yi ritaya, wadda duk layin ke kai mata yara idan jikinsu ya yi zafi. Ta karɓi wayar tana ɗaure da zani a ƙirji, kumfar wanki a hannunta.

"Ka ce mata ta ɗaga hannu biyu. Ɗaya ya faɗi? To saurara mini. Kar ka ba ta ruwa, kar ka ba ta rubutu, kar ka sa mata cokali a baki, za ta shaƙe. Wannan ba iska ba ne, jini ne ya tsaya a kai. Ka kawo ta asibiti yanzu. Na ce yanzu, ba bayan azahar ba!"

Duk da haka sai bayan azahar ɗin suka iso, domin sai da aka riƙe ta tsakanin mutum biyu a kan babur har bakin titi, sannan aka nemi mota. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya jawo, ita kuwa Kaka tunda take ba a taɓa ɗaura mata abin awo a damtse ba. Ya ce da an iso da sassafe da abin ya zo da sauƙi, amma mu gode Allah da ba a ɗura mata komai ta baki ba.

Bayan mako biyu aka sallame ta zuwa gidanmu. Ƙafar dama tana ja, maganarta ta fara fita amma da nauyi kamar mai tuwo a baki, hannun dama kuwa yana lanƙwashe a ƙirji, yatsun a dunƙule. Likitar gashin ƙashi mai koyar da motsa gaɓoɓi, wata doguwar mata mara wasa, ta ba mu ƙwallon roba ja, ta ce Kaka ta riƙa matsawa kullum. Ta kalli Mama ta ce, "Hajiya, ku bar ta ta wahala. Duk abin da za ta iya yi da kanta, kada ku yi mata. Hannun nan in an bar shi watannin nan na farko, ya tafi ke nan."

Mama ta ce to. Amma "to" ɗin Mama a gaban likita daban, a gida daban.

Ku fahimce ni, Mama ba muguwa ba ce. Matsalar ita ce Kaka uwar mijinta ce. A wurinmu kuwa uwar miji tana kwance ba lafiya, a ce surukarta ta bar ta tana kokawa da kofi? Ga 'yan dubiya kullum daga ƙauye, tsofaffin mata su cika tabarma, idanunsu a kan Mama, duk abin da suka gani da shi za su koma. Saboda haka Mama ta zage. Ita ke ba Kaka kunu a baki, ita ke ɗaura mata ɗankwali, ita ke kore mata ƙuda. Idan Kaka ta miƙa hannu za ta ɗauki carbi, kafin ta kai Mama ta durƙusa ta miƙa mata. Har wani tsohon gyale aka samo aka naɗe hannun a ciki kamar jariri, wai kada iska ta ƙara shiga. 'Yan dubiya su yi ta sa albarka. "Kai, Allah ya ba ki suruka ta gari!"

Na ce, "Mama, ladabinki zai kashe hannun nan."

Ta ce, "Rufe mini baki. So kike a ce na wulaƙanta uwar ubanki?"

Ni dai jika ce, tsakanina da Kaka akwai wasa, abin da Mama ba za ta iya faɗa ba ni ina iyawa. Na ɗauko ƙwallon na ajiye mata a cinya.

"Tsohuwa, matsa."

Ta dube shi, ta dube ni. Da hannun hagu ta ɗauka ta wurga shi cikin kwata.

"Ni... sa'arki ce?" in ji ta, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Da furfurata... in yi wasan yara?"

Na wanke na dawo da shi. Ta sake wurgawa. Kwana biyar muna haka, har na yi mata tsawar da na yi nadama, na ce in ba ta so ta warke ta faɗa mu huta. Ba ta rama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta juya fuska bango ta ce, "Ni dai... a mai da ni gida." Baba kuwa ya riga ya yanke: ba za ta koma ƙauye ba sai ta iya ci da sha da kama ruwa da kanta, domin can kowa gona yake wuni. Ga ta tana son gida kamar ranta, ga hanyar gidan a cikin hannun da aka naɗe a gyale.

Ana nan sai 'yan dubiya suka zo da rabin buhun gyaɗa, wadda Kaka ta saya za ta yi aiki kafin ciwon ya same ta. Mama ta ce za ta yi ƙwari in an bar ta. Ni kuwa zaman banza ya ishe ni, na ce ƙuli-ƙuli dai ai ba karatun likita ba ne, na sha gani. Na soya gyaɗar, rabi ta ƙone, rabi ɗanya. Na murje, na sheƙe, na kai inji a Tunga aka markaɗa. Na dawo na zuba a turmi a tsakar gida, daidai inda Kaka ke kishingiɗe a inuwar mangwaro.

Ga wanda bai sani ba, ruwan zafi kaɗan-kaɗan ake zubawa a markaɗen, ana juyawa, ana jira, har mai ya fara tsattsafowa ya taru a sama, abin da ya rage shi ne tunkuza. Kaɗan-kaɗan, da jira. Abu biyun da Allah bai ba ni ba. Na ɗaga tukunya na kwara rabinta gaba ɗaya.

"Ke!"

Wallahi tun da aka kawo ta ban ji muryarta ta fita haka ba.

"Ja'ira! Kunu... za ki dama?"

Na ce, "To da yaya ake yi? Ai duk ruwa ne."

"Uwar gaggawa! Matso... matso da turmin nan!"

Na jawo shi gabanta. Ta sa hannun hagu ta kama muciya, ta ga ba ta juyuwa da hannu ɗaya. Ta yi tsaki. Sai na ga ta sa haƙori ta warware gyalen, ta ɗauko hannun daman da na hagu kamar mai ɗaukar kayan wani, ta ɗora shi a kan muciyar. Mama ta fito daga kicin da gudu. "Wayyo Iya, bari in..." Maman 'yan biyu, wadda ihun ya leƙo da ita ta katanga, ta ce, "Madam, tsaya wurinki! In kin taɓa ta ni da ke ne."

Ba wani abin mamaki da ya faru ran nan. Hannun zamewa ya yi ta yi, mai bai fi rabin kwalba ba, tunkuzar ta zama abin da ko awaki sai sun yi shawara. Amma da aka zo mulmulawa, na mulmula wani ƙato kamar dunƙulen fura, Kaka ta fizge ta danna shi a tafin hannun daman, ta yi ta murzawa tana zagina, har na ga babban yatsanta ya motsa. Maman 'yan biyu ma ta gani. Muka kalli juna.

Daga ranar na zama mai ƙuli-ƙuli. Kwano ɗaya duk bayan kwana biyu, kuma kullum sai na ɓata wani abu. Yau gishiri ya yi yawa, gobe in mulmula su kamar ƙafar kaza. Da farko ba da gangan nake yi ba, daga baya ne na fara ƙarawa. Da muka gaya wa likitar gashi, karon farko na ga haƙoranta. Ta ce tunkuza ta fi ƙwallonta, mu ci gaba, amma kada a daina zuwa gashi, kada kuma a tsallake maganin hawan jini ko na kwana ɗaya.

Mama ce ta fi shan wuya. Sai ta tsaya da hannuwa a baya tana kallon uwar mijinta tana zubar da kunu a zani, 'yan dubiya suna taɓe baki. Wata tsohuwa ta kasa daurewa ta ce, "Yanzu kina tsaye tsohuwa na fama?" Kafin Mama ta buɗe baki Kaka ta ce, "Ni na hana ta. Hannunki ne?" Daga ran nan ba wanda ya sake tankawa.

Damina ta wuce, gyaɗar ta ƙare, aka sayo wata. Wata rana ina shirin kwara ruwa kamar kullum, Kaka ta riƙe mini wuyan hannu. Da hannun dama ta riƙe, har na ji zafi.

"Ya isa haka," in ji ta. "Kin iya tun tuni. Ba wanda zai yi wata huɗu yana kuskure ɗaya, ko ke."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Zagin naki ma magani ne. Ba ki ji bakina ya saki ba?"

Bayan kwana goma Baba ya mai da ita ƙauye, da sandarta, da ledar magunguna, da abin awon jini da Maman 'yan biyu ta zaunar da ƙanen Baba ta koya masa har ya iya. Yatsu biyu na ƙarshe ba su taɓa miƙewa ba, ƙafar ma har yau tana ɗan ja. Juya turmi ya fi ƙarfinta, sai matar ƙanen Baba ta juya mata tana zaune tana ba da oda. Amma mulmula ba ta bar wa kowa ba. Yanzu a ƙauyen in aka ce bakin wani ya karkace, Kaka ce ke fara ɗaga sanda tana cewa a nemo babur, a bar hayaƙi.

Bayan wata guda direban da ke zuwa kasuwar can ya kawo mana bokitin fenti cike da ƙuli-ƙuli. Duk sun ɗan lanƙwasa gefe ɗaya, daidai inda yatsun nan biyu suka ƙi. Ya ce tsohuwa ta ba shi saƙo, ta sa ya maimaita sau uku kada ya manta: a ba uwar gaggawa, a ce mata mai hannu ɗaya da rabi ta gaishe ta, in ta isa ta yi irinsa.

Na ɗauki ɗaya na gatsa. Sai da na zauna na cinye biyar kafin na tuna ban kai wa Mama ba.