Ƙafar Dama a Bikin Awali

Wata Alhamis ce bayan la'asar, a farkon shekarun tamanin, a gidan Gwaggo da ke unguwar Harra ta Gabas a Madina. Muna zaune ni da ita da sauran matan da muke kiɗan ƙwarya tare a bukukuwan Hausawa. Kasuwarmu ta fara mutuwa a lokacin, don amare sun koma kaset ɗin Larabci. Biki ɗaya ya rage mana, a unguwar Awali, uwar amarya kuma ta faɗa ƙarara cewa in bai yi armashi ba, kada mu ƙara sa rai da gayyata daga danginta.

Maigidana direba ne a wani shagon kayan lantarki. Ranar ya aro mana bidiyo da kaset ɗin gwaji da ke zuwa tare da injinan Japan. 'Yan mata ne a ciki, kaya iri ɗaya, suna waƙa suna juyi kamar an ɗaure su da zare guda.

"Waɗannan sun san anko," in ji Gwaggo. "Ku tashi. Rawar nan za mu kai Awali."

Sai dai ta lura cewa da ƙafar hagu suke fara taku.

"Musulma da hagu? Banɗaki za ki shiga? Da dama za mu fara!"

'Yan matanmu haifaffun Madina suka amsa da Larabci, "Tayyib, ya Gwaggo," amma ƙafarsu ta riga ta haddace kaset. Ɗakin kuma matsattse ne, hannu kawai muke gwadawa tare, ƙafa kowa ta koya a gidanta.

Ranar biki, a wata gonar dabino mai katanga, muka jeru cikin atamfa iri ɗaya. Ƙwarya ta ɗauka. Manya muka yi dama, yara suka yi hagu, muka haɗu a tsakiya. Goshina ya daki haɓar wata. Gwaggo, wadda jiki ne da ita, ta zauna daɓas a kan faifan dabino, ɗankwalinta ya tafi nasa wuri.

Na ce a raina sana'a ta ƙare.

Gwaggo ta dubi uwar amarya daga ƙasa, ko gezau. "Hajiya, haka ake yin ta a Japan."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye, tana tafi tana cewa a sake. Muka sake, aka kuma gwara kai.

Daga nan duk sabon kayan da ya iso shago, da kaset ɗin yaran Japan ɗin nan muke farawa. Dandalinsu ya ƙara girma, gashinsu ya gajarce. Da ɗaya ta ɓace daga jeri, Gwaggo ta ce aure ne, ta yi mata guɗa. Daga baya kaset ya zo da wasu fuskoki daban, maigidana ya ji a shago cewa ƙungiyar ta watse. Tamu ta ci gaba da zuwa biki har ƙarshen shekarun tamanin, da dama da hagun.