Garin da Na Saka a Gidan Tsakiya

Takardar da ake ba mu lokacin kaka gida uku gare ta a gaban sunan kowane gari: mai kyau, matsakaici, marar kyau. Aikin malamin gona shi ne ya bi ƙauyuka ya duba abin da damina ta bari, ya dawo ya ja layi a gida ɗaya. Garuruwan da suka faɗa gidan ƙarshe su ake tarawa a lis, a aika Maraɗi, daga can a wuce da shi Yamai. Idan bazara ta matsa, rumbuna suka yi fayau, garuruwan lis ɗin nan ake kai wa hatsin gwamnati mai rahusa. Wanda sunansa bai hau ba sai ya san yadda zai yi.

Shekarata ta biyu ke nan da kama aiki. Ni mutumin yamma ne, daga wajen Gidan Sori, aka turo ni gabas. Na fito lakol, makarantar koyon aikin gona, da zafina, ina da igiyar awo da ɗan sikeli a jaka, kuma a ganina duk wanda bai san lissafin hekta ba bai san noma ba, ko da kuwa a kunya aka haife shi. Buronmu ɗaki biyu ne, rufin kwano, muna haɗa tsakar gida da likitan dabbobi da mutanen gandun daji. Da safe za ka tarar da makiyayi ya jawo tunkiya mai tari, ga wata da aka kama da itace ɗanye tana rantsuwa busasshe ta tsinta, ga sakatariyarmu ta tasa injin buga takarda a gaba tana jiran wuta. Moto ɗaya gare mu, wato babur, kuma shi ma sai ya ga dama.

Akwai wani dattijo a buron, tsohon malamin gona, saura masa shekara guda ya ajiye aiki. Ba ya son surutu, goro kawai yake ci yana kallon mutane. Ranar da zan fita zagaye ya kira ni gindin dalbejiyar ƙofar buro.

"Yaro, in ka shiga gari, kada ka yi gaggawar hiddo takarda," in ji shi. "Ka saurari turmi. Ka duba ko samari na nan ko sun hita. Abin da mutum ya ce maka da baki, ka aje shi gefe tukuna."

Na ce masa to. A raina kuwa cewa na yi, tsoho ya ga retret ta matso, yana so ya mai da aikin gwamnati duba. Turmi kuma? Ni da aka koya wa yanka murabba'i a gona, a auna zangarniya, a ninka?

Daminar shekarar ta zo da gardama. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bununi, da ya dawo kuma tsutsa ta shiga zangarniya tana yi mata zane. Amma ɓarnar ba ɗaya ba ce. Wani gari ya samu, na kusa da shi ya tashi hannu biyu. Man da aka ba ni na kwana huɗu ne, garuruwan kuwa sun fi ƙarfin kwana goma. Saboda haka gudu nake yi, in sha gari uku kafin azahar.

Garin da nake magana a kai yana can arewa da hanyar Cadawa, bayan wani yashi da sai ka sauka ka tura moto. Na isa rana ta take. Maigarin tsoho ne dogo, ramamme, da farar riga wadda wanki ya cinye wuyanta. Ya sa aka shimfiɗa mani tabarma a zaure, dattawa suka kewaye ni. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi iyali, sannan na shiga abin da ya kawo ni.

"Baba, yaya amfanin gona bana?"

Ya murza gemu. "To, mun gode Allah."

"An samu dai?"

"Mun gode Allah, ɗana."

Na ce a kai ni gona in gani. Ya tashi da kansa, da sandarsa, ya wuce gaba. Muka ratsa bayan gari, ya kai ni wata gona a gangare, inda makiyaya suka yi zaman rani suka bar taki. Hatsin wurin ba laifi. Na fid da igiyata na auna, na yanki zangarniya na ɗora a sikeli, dattawa na tsaye suna kallona kamar mai rufa ido a kasuwa. Ban ce a kai ni wata gonar ba. Rana ta yi zafi, kuma akwai gari biyu a gabana.

Da muka koma zaure sai ga ƙwarya an kawo, an rufe da faifai. Fura ce mai kauri, ta sha nono, har da yaji da citta. Tun da na fara zagayen ba a ba ni irinta ba. Na sha na ƙoshi, na yi gyatsa, na ce a raina garin da ake dama irin wannan da rana tsaka ba shi da matsala. Da zan hau moto na sake tambayarsa, don in cika ƙa'ida.

"To Baba, in rubuta ba laihi ke nan?"

Ya dube ni, ya dubi dattawan da ke bayansa. "Kai dai ka gani da idonka. Mu, mun gode Allah."

A kan tankin moto na ɗora takardar na ja layi a gidan tsakiya. Yanzu da nake tunawa, tun shigata garin har fitata ban ji ƙarar turmi ba, kuma ban ga saurayi ko ɗaya ba sai wani mai ɗingishi. A lokacin ko a jikina.

Rapor, wato rahoton zagayen, ya tafi. Shugabanmu ya sa hannu, aka buga hatimi, aka aika. Muka shiga wasu ayyukan: rabon irin kayan lambu, taron sasanta manoma da makiyaya kan burtali, ƙirgar buhunan taki da ba su iso ba. Na manta da garin sarai.

Sai da zafi ya kai zafi, wajen ƙarshen rani, aka ce hatsin rahusa ya iso magaza, ma'ajiyar gwamnati. Ranar da aka fara sayarwa filin ya cika da amalanke da jakuna. Ni aka zaunar a teburi da lis, ina kiran gari-gari. Can wajen la'asar, mutane sun ragu, na ɗaga kai sai na ga dogon tsohon nan tsaye gefe. Ya zo da amalanke biyu da buhuna a naɗe. Tun safe yake wurin, yana jira a kira garinsa.

Ya matso ya gaishe ni da fara'a, irin ta wanda ya ga nasa a wurin rabo. "Ɗana, ko an wuce mu ban jiya ba? Kunnen ya tsuhwa."

Na bi lis da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi, alhali na san abin da zan tarar. Na ce masa sunan garinsu bai fito ba.

"Bai hito ba," ya maimaita. "To ai kai ka zo da kanka. Ka rubuta."

"Na rubuta, Baba."

Ya ce Allah shi ba mu haƙurin aiki, ya juya. Na bi amalanken da kallo suna fita fili, buhunan na nan a naɗe yadda suka zo. Ɗaya daga cikin masu tuƙin ne ya tsaya kusa da teburina yana gyara igiyar shanunsa, ya faɗa mani abin da tsohon bai faɗa ba. Ashe bayan kaka magidanta da yawa sun so su bi samari su tsallaka kudu neman abinci. Maigari ya hana su. Ya ce malamin gwamnati ya zo har gona, ya ga halin da ake ciki, ya rubuta, kowa ya zauna ya riƙe gidansa, hatsi na tafe. Da maganarsa suka zauna, suna ta cin ɗan abin da ya rage.

Ranar ban iya cin tuwo ba. Kunya ce ta fara kama ni, daga baya tsoro ya biyo.

Washegari na shiga wurin shugabanmu na faɗa masa kuskure na yi. Bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce lis ɗin da ya riga ya sha hatimi uku ba a buɗe shi a nan, sai dai in rubuta takardar neman gyara. Na rubuta. Wuta ta ɗauke kwana biyu kafin a buga ta. Aka kai ofishin gaba, aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Da ya dawo aka ce a haɗo da sabon awo na gonakin. Awon me, a watan da ko kara babu a gona, dabbobi sun cinye? Na hau motar kasuwa na je Maraɗi da kaina. Wata mata mai kirki a wani buro ta ba ni kujera da ruwan sanyi, ta ce takardata ta iso, tana kan layi, za a duba ta a zagaye na biyu in an samu ƙari. Kowa na bi ya yi mani magana mai daɗi, ba wanda ya kore ni, kuma ba wanda ya yi laifi. Kowa aikinsa yake yi yadda aka tsara masa. Layin da ya ɓata komai ni na ja shi a kan tankin moto.

Dattijon buronmu bai taɓa ce mani "ban gaya maka ba?" Ranar da na dawo daga Maraɗi ya ɓantari goro ya miƙo mani, ni da ba na ci. Na karɓa na tauna, ɗacin ya dace da ni.

Zagaye na biyu bai zo ba. Ruwan shuka ya sauka, aka tura ni duba inda aka yi shuka da inda ba a yi ba. Na bar garin nan a ƙarshe, ina ta kewaye shi, har dai ya zama babu sauran inda zan fake.

Gonakin bakin garin rabi an shuka, rabi na nan kwance ciyawa ta fara rufe su. Gidaje da yawa an jingina ƙaya a ƙofa. A gindin wata bishiya mata na tsince ganyen tafasa, gefe ga tukwanen anza an jiƙa, wannan 'ya'yan itacen mai ɗaci da ba a waiwayarsa sai yunwa ta kai maƙura. Ba wanda ya taso tarbar moto.

Maigari ya fita duba wata gona, sai uwargidansa na tarar, tsohuwa mai kaifin baki. Ta gane ni tun kafin in cire hular kwano.

"A'a, mai igiya ne? Sannu da zuwa. Bana kam sai dai ruwa, hura ta ƙare."

Na ce ruwan ma ya isa, Inna. Don in sami abin faɗa, na ce har yanzu ban manta da furar da ta dama mani ba.

"Ai dole ta yi daɗi," in ji ta. "Zangarkun da na ware na iri ne. Sauran duk tsutsa ta ci, ba a ba baƙo. Maigida ya ce baƙon gwamnati ba shi shan ɓataccen hatsi a gidanshi, sai na sussuka su."

Ta faɗa tana dariya, ta koma ciki. Na zauna da ƙwaryar ruwa a hannu, na kasa kai ta baki.

Da tsohon ya dawo na ga ya ƙara ramewa, rigar nan dai ce a jikinsa. Muka gaisa. Na tambayi mutanen da suka tafi, ya ce da hatsin bai zo ba sai suka watse a makare, wasu sun sai da shanun huɗa kafin su tashi. Ya ce yanzu in ya yi magana a bakin masallaci ana saurare, amma ba a amsawa. Bai ɗaga murya ba, kamar labarin wani gari yake ba ni.

Na kasa daurewa. "Baba, don Allah, me ya hana ka gaya mani gaskiya ran nan? Da ka ce mani babu, da ban rubuta abin da na rubuta ba."

Ya dube ni da mamaki na gaske.

"Ni in tsaya gaban mutanena da baƙo in ce Allah bai ba mu ba? Ai na gaya maka, ɗana. Sau nawa ka tambaye ni? Sau uku. Ka ji na ce an samu? Ka ji na ce rumbu ya cika, ko ana ta ɗaurin dami? Mun gode Allah na ce maka, ban ƙara komi bisa ba."

Na sunkuyar da kai. Mahaifina ma haka yake amsawa a shekarar da babu. Na sha jin sa tun ina ƙarami, kuma a lokacin ba na bukatar a fassara mani.

Tsohon ya gyara zama, ya jawo sandarsa kusa.

"Da Bature anka aiko, da na nemi tafinta ya warware mashi," in ji shi. "To na ji ka yi sallama da Hausa, ka gaishe ni da Hausa. Sai na aza ɗan gida ne anka aiko muna."

Ya miƙo hannu ya tura ƙwaryar gabana, ya ce in sha, hanya da nisa.