Wasan barkwancin da ya sa Ilu gumi

Ana tsakiyar dariya, Ilu ya miƙe tsaye yana yi wa ɗan wasan ihu: "Kai, gudu!" Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni na ja shi kallon. Tsohon wasan barkwanci ne na Italiya aka zamanantar, aka kawo labarin Riyad: wani direba yana yi wa iyayen gida biyu aiki a ɓoye. Larabawa sai ƙyaƙyatawa suke. Ilu kuwa, mutumin Maraɗi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Utaiƙa nan Riyad, gumi kawai yake.

Na fizgo rigarsa. "Haba malam, zauna mana! Wasa ne fa!"

"Wane irin wasa? Ga kafilinsa, ubangidan da sunansa ke kan iƙamarsa ta zama a ƙasar, nan bayan ƙofa. In ya kama shi, sai an kora shi gida."

"To ai abin dariyar ke nan!"

Ya harare ni. "Haka aka yi wa ƙanena bara. Ba wanda ya yi dariya."

Har yanzu haushi nake ji, amma na rasa na wa. Jama'a, shi ya ɓata min wasa, ko ni na kai shi inda bai kamata ba?