Keken da Ba Mahayi

Ɗan farina da hannun zane ya zo duniya. Tun yana lekol, makarantar boko, bai bar bango ya huta ba, da gawayi ko da jar ƙasa, har na gaji da duka na ƙyale shi. Abu ɗaya na tsaya a kai bayan rasuwar mahaifinsa, shi kuma ya kiyaye: ba a zana mai rai a gidana. Ya zana kwalekwalen masunta a bakin tabki, ya zana rumbu, ya zana kamyo, babbar motar kaya, da lodinsa, amma ba mutum, ba jaki.

Da ya zama saurayi yana kai kayan lambu Maraɗi a keke, sai ya ga wani abu a wani shago. Tele ce, wato talabijin, aka jona mata wata 'yar na'ura, samari na dannawa suna tuƙa mota a cikin gilashi. Wasan bai dame shi ba, ƙafar motar ce ta hana shi sakat. Ina bakin murhu na ji yana gaya wa ƙanwarsa wai duk zane ne, hannun mutum ya yi shi, amma ƙafar tana gudu har ido ya yarda.

Ya sayo kaye, irin littafin 'yan lekol. A kowane shafi ya zana ƙafar keke da wayoyinta, kowace ta ɗan juya kaɗan fiye da ta bayanta. In ya sa babban yatsa ya saki takardun suna zuba da sauri, ya kamata ta yi gudu. Ta ƙi. Sai ta riƙa karkarwa a wuri ɗaya.

“Yaya, ƙafar nan taka sanyin ƙashi gare ta?” in ji ƙanwar. “Ko mu kai ta wurin wanzami?”

“Ke da ko da'ira ba ki iya ba sai da murfin kwano.”

Ina gefe ina kaɗi. Uwa ba ta zama hira da ɗan fari, don haka mazarina na yi wa maganar. Na ce, “Wasu dai ba su da ido. Abin da ke gudu wa ya taɓa ƙirga masa haƙarƙari?”

Can ya matso ya tsuguna nesa kaɗan, ya zuba wa gululun mazarin ido. Gululun yana da zane ja da fari a tsaitsaye. Na shafa alli a yatsa na murza. Zanen ya ɓace, ya koma zobe-zobe dishi-dishi, mazarin ya tsaya cak kamar mai barci. Na tsayar, zanen ya dawo. Sau uku na yi ban dube shi ba.

Kwana uku yana kan kayen. Ya goge wayoyin, ya murje gurbinsu da yatsa har suka koma kamar hayaƙi, ya bar ɗigo baƙi guda a bakin ƙafar yana tsallake mai nisa daga shafi zuwa shafi. Rana ta huɗu ƙanwar ta kwarma ihu, “Inna, wallahi tana gudu!” Na duba da wutsiyar ido. Tana gudu kuwa. Ban yaba ba, na ce a zo a ɗauke mani kwanoni.

Bayan wannan ne ya aiko baffansa. Wai akwai mai fentin manyan motoci a wajen Katsina da ya ga aikinsa, zai ɗauke shi. Baffannin duk sun yarda, saura bakina. Da safe zai tafi gona ya aje wani sabon kaye bisa faifan audugata ya wuce.

Ni ban taɓa buɗe littafi ba. Abin da na sani shi ne yadda na ga marigayi Malam, mahaifinsa, yana buɗe nasa, daga dama. Haka na kama shi, na sa yatsa na saki.

Keke ne cikakke, ba kowa a kansa. Ya taho daga nesa bisa hanya, da baya yake tahowa, ƙafafun na gudu, har ya shige zaurenmu ya tsaya. Zaurenmu ne, da tsagewar bangon nan ta gefen ƙofa. Na sake, ya sake shigowa. Sau ɗaya na taɓa ganin keke ya dawo gida ba mai shi, ranar da mota ta kaɗe maƙwabcinmu a hanyar Ɗan Issa. Zaurensu ƙarami ne, da baya aka jawo keken ciki, matarsa na tsaye.

Da ya dawo ya tsuguna a ƙofar ɗaki.

“Inna, an duba?”

“An duba.”

“To?”

“Duk wanda ya tafi, ba da yawuna ba.”

Ya tambayi dalili, ban faɗa ba. Mugun abu in ka furta shi ka yi masa ƙafa. Baffansa ya zo har sau biyu, na ce na gama magana. Yaron ya haƙura aka yanke gero aka ɗaure, sannan ya shirya. Ranar tafiya ya durƙusa a bayana ina sussuka, ya daɗe. Ban aje taɓarya ba har na ji ƙarar ƙyaure.

Shekarar farko ya aiko wani direba da sabulu da turmin atamfa. Direban ya ce ko da saƙo, na ce babu. Aike na biyu ma haka. Daga nan shiru. Baffansa ya je ya dawo, ya ce mai fentin ya tashi daga wurin, wasu sun ce Kano, wasu sun ce kudu.

Shekara huɗu kayen na cikin kwallata ƙarƙashin zannuwa. In na buɗe ɗaukar wani abu sai in kauda kai. Sai ƙanwarsa ta zo goyon ciki, tana neman tsumma ta ci karo da shi. Ta zauna bakin gado ta saki takardun. Ina tsaye a kanta. Keken ya fito daga zaure da goshinsa, ya hau hanya, ya yi ta ƙanƙancewa.

“Ba haka yake ba,” na ce. Na karɓa na yi mata yadda na sani.

Ta dube ni. “Inna, ta ƙarshe kika fara. Na boko daga hagu ake buɗe shi. Ga lamba ɗaya nan ya rubuta.”

“To mahayin fa? Ina mahayin?”

“Ke kika hana zanen mai rai.”

Na zauna a ƙasa. Ta yi ta magana, ban san me ta ce ba.

Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Ɗan Issa, bakin iyaka, ni da ban taɓa taka tasha ni kaɗai ba. Na sami direbobin kamyo a inuwa suna shan shayi, suna jiran a gama da takardunsu. Na gaishe su, na ce ina da saƙo ga wani mai zanen motoci, ɗan Madarumfa. A ce masa uwarsa ta sa masa albarka, ya je duk inda zai je.

Wani dattijo cikinsu ya aje kofi. “Inna, yaya sunansa?”

Tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Na duba ko akwai ɗan garinmu kusa. Sannan na faɗa, ya fito ƙasa-ƙasa, har sai da ya ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi.

“Kamanninsa fa?”

Na ce dogo ne, baƙi, siriri, ba ya son yawan magana.

“Inna, ai rabin samarin ƙasar nan kika kwatanta. Masu sunan kuma sun fi gashin kai.”

“To ka gaya wa duk wanda ka samu,” na ce. “Wanda tasa ce zai gane.”

Ya ce in Allah ya yarda. Na tsaya har aka ɗaga musu sanda, motarsa ta wuce iyaka, sannan na nemi ta komawa gida.